Mai sikila ya ce ciwo ya tashi amma yana danna waya: a yarda da shi ko kuwa?

Ɗalibar_Jinya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗalibar koyon aikin jinya ce, yanzu an tura mu ɗakin maza. Akwai abin da ya tsaya mini a rai. Duk sanda aka ba mai sikila gado, sai in ga fuskar wasu ma'aikata ta canza. In ya kira ya ce lokacin allurarsa ya yi, a ce ai kun gani, har sunan maganin ya sani, wannan ya riga ya saba. In yana ihu a ce raki ne. In ya yi shiru yana danna waya a ce da ciwon gaske ne da bai iya riƙe waya ba. To ni tambayata, ta yaya ma'aikacin jinya zai gane mai ciwon gaske daga wanda allurar kawai yake so? Kuma tausayin nan da ake ta cewa mu yi, ba zai sa mu zama mu ne ke lalata su ba? Ina son jin ta bakin masu ciwon, da iyaye, da manyanmu a aiki.

SS_Fagge:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni mai ciwon ne, na haura talatin da yardar Allah. Wayar nan da kike gani a hannunmu ba daɗi ne ya yi mana yawa ba. Idan ciwon ya tashi ji kake kamar an zuba ƙasusuwanka a turmi ana daka, kuma ba minti biyar yake yi ya wuce ba, kwanaki yake ɗauka. Ba wanda zai iya ihu kwana uku a jere. Sai ka nemi abin da zai ɗauke maka hankali, ko karatun Alƙur'ani a kunne, ko kallon ƙwallo, ko ma ka yi ta jan allon wayar sama da ƙasa ba ka ganin komai. Tun muna yara aka koya mana dauriya, a gida a ce kada ka tayar wa mahaifiyarka da hankali. Yanzu kuma dauriyar ta zama hujjar da za a ce ƙarya muke.

Maganar sanin sunan magani kuwa, mai ciwon suga idan ya faɗi sunan allurarsa da adadin da yake yi, yaba masa ake yi a ce ya san kansa. Ni da na tashi a gadon asibiti, don me ba zan san abin da ke yi mini aiki ba?

Maman_Khalifa:
Wallahi ka faɗi abin da ke raina. Allah ya ƙara afuwa.

Bakatsine77:
A yi haƙuri, amma a riƙa faɗin gaskiya ko da ɗaci. Akwai waɗanda suka faɗa wa allurar fenta, wato fentazosin, allurar kashe ciwo. A unguwarmu akwai wani saurayi mai sikila, shi ke yi wa kansa, cinyoyinsa duk sun zama gyambo, ƙafar ma ba ta lanƙwasuwa. Komai ya samu sai ya sayar ya saya. To nas ɗin da ta ga irin wannan sau biyu sau uku, in ta yi taka-tsantsan laifinta ne?

Malam_Famasi:
@Bakatsine77 abin da ka gani gaskiya ne, mu da ke bayan kanta mun fi kowa ganinsa. Amma ka tambayi ta inda aka fara. Yawanci yaro ne ya je asibiti da ciwo, ya yi awoyi a kan benci, aka yi masa allura ɗaya aka ce ya jira sai bayan awa takwas, alhali ƙarfinta ya ƙare tun a awa uku ko huɗu. Gobe in ciwon ya dawo sai ya ce me zai kai ni can, ga kemis a bakin layi. Daga nan ya koyi yi wa kansa. Wato rashin kashe ciwon yadda ya kamata a asibiti shi ne ke tura da yawansu ga abin da ake tsoro.

Ita fentazosin ɗin ma ba ita ce ta fi dacewa ba. Tana da iyaka, in an kai wani adadi ƙari ba ya ƙara rage ciwo sai illa, kuma yawan soka ta a tsoka yana kashe naman wurin ya taurare, shi ne gyambon da ka gani. Fetidin kuma, wata allurar kashe ciwo, an daina ba da shawarar amfani da ita ga masu sikila saboda tana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Maganin da aka fi amincewa da shi ga ciwo mai tsanani shi ne morfin, na sha ko na jijiya, ƙarƙashin kulawa. Matsalar mu a nan ita ce ba kullum ake samunsa ba, kuma tun da aka hana maganin tari mai kodin a 2018 bayan rahoton nan na BBC, kowa ya shiga tsoron duk wani magani mai ƙarfi. Saurayi ya shigo a rame, ido ya yi rawaya, yana neman allura, tuni an yanke masa hukunci.

Sai a kula da diklofenak ma. Ana ganinsa kamar ba komai, amma masu sikila dama ƙodarsu na cikin haɗari, ba a yi ta ɗirka musu shi kwana da kwanaki.

Bakatsine77:
Na ji bayaninka Malam. Amma har yanzu ba a amsa wa yarinyar nan tambayarta ba. Ta yaya za ta gane?

Sista_Mai_Ritaya:
'Yata, bari in amsa miki kai tsaye. Ba za ki gane ta hanyar kallon fuska ba, kuma babu awon jini ko hoto da zai nuna miki ciwon. Mutum na iya kasancewa cikin azaba bugun zuciyarsa da hawan jininsa suna daidai. Don haka abin da majinyaci ya faɗa shi ne ma'auninki. Ki tambaye shi, daga sifili zuwa goma ciwon nawa ne, a ina yake, irin wanda ya saba ne ko daban. Wannan tambaya ta ƙarshe ki riƙe ta da kyau. Idan mai sikila ya ce miki "Sista wannan ba irin nawa ba ne", ki bar abin da kike yi ki kira likita, domin ba kowane ciwon ciki ko ƙirji ne na sikila ba.

Bayan an ba da magani, ki dawo bayan rabin awa ki sake tambaya, ki rubuta. Rubutun nan shi ne makaminki. In likita ya zo zagaye ya ga an rubuta tara, tara, takwas, tara, shi da kansa zai canza tsarin maganin, ba sai kin yi gardama da kowa ba. Ki ƙirga numfashinsa, ki duba ko barci na neman rinjayarsa fiye da kima, wannan shi ne taka-tsantsan na gaskiya game da morfin, ba hana shi ba. Ki tambayi bayan gida, don magungunan nan suna ɗaure ciki, kuma majinyaci namiji ba zai faɗa miki da kansa ba.

Sauran kuma ƙananan abubuwa ne da ba sai da sa hannun likita ba. Kada ki ba shi gadon da ke ƙarƙashin fanka ko bakin taga, musamman da hunturu. Bargo, safa, ruwan ɗumi a gora a naɗe da tawul a ɗora inda ke ciwo. Ƙanƙara ko ruwan sanyi kam a'a, suna ƙara matse jijiyoyi. Ruwan sha ya zama kusa da hannunsa, ba can kan loka inda sai ya miƙe ba. In za ki juya shi ko ki gyara shimfiɗa, ki faɗa masa tukuna ki bar shi ya nuna miki inda za ki kama.

In kuma har kina zargin wani ya kamu da sabon allura, wannan ma ciwo ne da ke buƙatar magani. Ana gaya wa likita a zauna da shi a tsara, amma bayan ciwon ya lafa. Ba a tsakiyar dare yana murƙususu ake yi masa horo ba.

Ɗalibar_Jinya:
Na gode ƙwarai Mama. Na kwafe wannan na ajiye.

Nas_Aikin_Dare:
Ni fa ina karantawa raina na ɓaci. Kullum nas ce muguwa. Ku zo ku ga aikin dare, mu biyu a ɗaki cike da gadaje, ga mai shanyewar ɓarin jiki, ga wanda aka sa wa robar fitsari, ga wanda numfashinsa ke sama. Morfin yana cikin kabad a kulle, sai an rubuta a littafi an sa hannu mutum biyu. Likitan da zai rubuta yana imajansi, ka kira ka kira. In ma ya rubuta, famasi su ce babu, sai ɗan uwan majinyaci ya fita nema ƙarfe biyun dare. Wuta ta ɗauke ki nemi jijiya da fitilar waya. Abokan aikinmu da suka ƙware duk sun fice Ingila da Saudiyya. Sannan a zo a ce rabin awa? Ni ma ina so, amma da wane hannun?

SS_Fagge:
Sista, wallahi mun san kuna wahala, muna kwance muna ganinku. Ban taɓa jin haushin nas don ta ce mini magani ya ƙare ba. Abin da ke ƙona rai shi ne a wuce ka kamar ba a ji ba, ko a ce "kai kuma ka sake dawowa?" Da za ki tsaya ki ce "na ji ka, na kira likita, ga farasitamol kafin ya zo, zan dawo", sannan ki dawo ɗin, ni ya ishe ni. Shimfiɗar fuska ai ta fi ta tabarma.

Nas_Aikin_Dare:
Wannan kam ba ni da ja. Amma ku ma ku ja wa masu jinyarku kunne, wani ya zo yana nuna ki da yatsa yana ɗaukarki bidiyo.

Maman_Khalifa:
Ni bari in faɗi alherin da na gani, don kada a ce duk ɗaya ne. Ɗana jijiyoyinsa sun yi wahala saboda yawan ƙarin ruwa, da ya ga farin kaya sai ya fara kuka. Akwai wata nas a ɗakin yara, ba ta taɓa zuwa da allura a hannu kai tsaye ba. Sai ta sa a kawo ruwan ɗumi a roba, ta tsoma hannunsa a ciki suna hira, ta tambaye shi wane hannun ne yau zai ba ta aro. In ta gwada sau biyu ba ta samu ba, ba ta nacewa, sai ta kira wata. Ita ce kuma ta kama hannuna ta ɗora a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na hagu ta koya mini yadda ake jin saifa. Ta ce duk ranar da na ji ta kumbura fiye da yadda na saba, ga tafin hannunsa ya yi fari fat yana kasala, kada in tsaya neman mayafi mai kyau, in taho, domin jini ne ke taruwa a cikinta kuma yana iya kashe yaro cikin awoyi. Ta kuma sa na sayi ma'aunin zafin jiki. Duk likitocin da muka gani a baya ba wanda ya samu lokacin koya mini wannan. Allah ya saka mata da Aljanna.

Hajiya_Zaria:
Amin. Irin waɗannan su ne ba a jin labarinsu.

Likitan_Jini:
Na ji daɗin wannan muhawara. Zan ƙara abu uku da nake gani ana kuskurensu da sunan tausayi.

Na farko ƙarin ruwa. An saba da cewa mai sikila sai ruwa, sai a buɗe leda tana zuba kamar famfo, a cire a sa wata. Rashin ruwa a jiki yana tayar da ciwo, gaskiya ne, amma in ya yi yawa yana taruwa a huhu. Wanda zai iya sha da baki a ƙarfafa masa ya sha, na jijiya kuma a lissafa, a riƙa auna abin da ya shiga da wanda ya fita.

Na biyu ƙarin jini. Ƙwayar jinin mai lafiya tana yin kusan kwana 120, ta mai sikila kwana 10 zuwa 20 take yi ta mutu, shi ya sa jininsu kullum a ƙasa yake kuma jikinsu ya saba da hakan. Ba don an ga awo ya yi ƙasa da na sauran mutane za a ruga a ƙara ba. Abin tambaya shi ne nawa ya saba zama in yana lafiya, kuma nawa ya sauka daga nan. Yawan ƙarin jini ba dalili yana tara sinadarin ƙarfe a jiki, yana kuma sa jiki ya fara ƙin jinin wasu, ranar da ake matuƙar buƙata a rasa wanda zai dace.

Na uku shi ne wanda ya fi ba ni tsoro, ciwon ƙirji. Sau da yawa ba da shi ake zuwa ba, a gadon asibiti yake samun mutum, kwana biyu ko uku bayan an kwantar da shi saboda ciwon ƙashi. Majinyacin da haƙarƙarinsa ko bayansa ke ciwo ba ya iya jan numfashi sosai, sai ƙasan huhun ya rufe. Kun ga ke nan barin mutum cikin ciwo ba wai rashin kirki kaɗai ba ne, hanya ce ta kai shi ga abin da ke cikin manyan masu kashe masu sikila. Nas ce ke fara gani: tari, zazzaɓi, numfashi ya ƙaru, iskar jini ta fara sauka a ɗan na'urar yatsa. Maganin riga-kafinsa mai sauƙi ne, a tashe shi zaune, ya ja dogon numfashi sau goma duk bayan awa biyu in yana farke. Yara a ba su balan-balan su hura. Zazzaɓin da ya kai 38.5 a jikin mai sikila kuma gaggawa ce, ba a cewa maleriya ce a jira safiya, domin saifarsu ba ta kare su daga ƙwayoyin cuta yadda ya kamata.

Abu_Yusra:
Duk wannan da an yi gwaji kafin aure da ba a zo nan ba. Iyaye su ne masu laifi, soyayya ta rufe musu ido. Gara da Kano ta yi dokar gwajin kafin aure a 2024.

Maman_Khalifa:
Malam, mun yi gwaji. Takarda ta ce maigidana AA ne, wato ba ya ɗauke da ƙwayar gadon sikila. Sai bayan an haifi yaron aka sake a wani wuri aka ga AS ne, yana ɗauke da ita. Kuma ko da ba mu yi ba, wannan maganar ce za a gaya wa uwa tana riƙe da ɗanta yana kuka? An taɓa gaya mini ita a bakin gado, daga bakin ma'aikaciya, yaron yana ji. Da muka koma gida ya tambaye ni ko shi kuskure ne.

Abu_Yusra:
Subhanallah. Ki yafe ni Hajiya, ba da ke nake ba. Ina magana ne a kan masu sani su take.

Likitan_Jini:
Gwaji kafin aure yana da muhimmanci, ba a musu. AS da AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, wato mai sikila, kuma kowane ciki lissafinsa daban, ba wai in an haifi ɗaya sauran ukun sun tsira ba. Kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya AS ne, ana kuma ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da ciwon a ƙasar duk shekara. Waɗannan sun riga sun zo duniya, wa'azin aure ba zai rage musu ciwo ba. A yi shi a masallaci da makaranta da rediyo.

Mai_Maganin_Gado:
Ina da haɗin gargajiya da ke mayar da SS ya koma AA cikin wata uku da izinin Allah, an gwada an gani. Mai buƙata ya yi mini magana ta akwati.

Shugaban_Zaure:
@Mai_Maganin_Gado ba a talla a nan, kuma wannan ƙarya ce mai iya kashe rai. Abin da ake gado ne daga uwa da uba, ba jiƙo da ke canza shi. Gargaɗi na farko da na ƙarshe. A koma kan maganar jinya don Allah.

Gwaggo_a_Landan:
Ina aikin jinya a nan Ingila, kuma ina so in gaya wa @Nas_Aikin_Dare cewa ko inda wuta ba ta ɗaukewa matsalar tana nan. A 2019 wani saurayi mai shekara 21, Evan Nathan Smith, yana kwance a wani asibiti a Landan ya nemi a sa masa iskar oksijin aka hana shi, har ya ɗauki waya daga kan gadonsa ya kira lambar motar ɗaukar marasa lafiya. Ya rasu. Binciken da aka yi ya nuna ma'aikatan ba su gane alamun tashin ciwon da wuri ba, kuma an makara wajen canza masa jini. A 2021 'yan majalisa suka fitar da rahoto a kan yadda ake wulaƙanta masu sikila, takensa ma yana nufin ba mai saurare. A nan har da wariyar launin fata a ciki, tunda yawancin masu ciwon baƙaƙe ne. A gida kuwa ba mu da wannan uzurin, 'ya'yanmu ne da ƙannenmu.

Rabin awar da Sista_Mai_Ritaya ta ambata ta tuna mini, akwai ƙa'ida rubutacciya a nan tun 2012: a ba da maganin ciwo cikin minti 30 da isowar majinyaci. Ba kullum ake cika ta ba, amma akwai abin da za a kama mutum da shi. Kuma nas ta farko da ta ƙware a kan sikila a ƙasar nan, Elizabeth Anionwu, mahaifinta ɗan Onitsha ne. A 1979 ta fara aikin a unguwar Brent, lokacin da yawancin likitocinsu ba su ɗauki ciwon da muhimmanci ba.

Abin da zan so a kwaikwaya, wanda ba ya cin kuɗi, shi ne kowane majinyaci ya zama yana da takardarsa da likitansa ya sa wa hannu: yawan jininsa na yau da kullum, maganin da ke yi masa aiki da adadinsa, wanda jikinsa ba ya so, ko an taɓa ƙara masa jini. In ya zo da dare ya miƙa, gardama ta ƙare.

SS_Fagge:
Gwaggo ina da irin wannan, a ɗan littafi. Wasu suna karɓa su duba su yi godiya. Wani kuma ya ce wato kai ne za ka koya mini aiki.

Na_Maraɗi:
Salamu alaikum. Nan wajenmu ma hakanan ne. Akwai cibiyar ƙasa ta masu wannan ciwo a Yamai, amma daga Maraɗi tafiyar ta fi kilomita 600, wa zai ɗauki yaro yana kuka ya yi wannan hanya? Sai likita ta kusa, wato asibitin da ya fi kusa. Kuma kafin a taɓa ka sai an rubuta takarda ka tai ka sayo serom, wato ledar ƙarin ruwa, da allura da safar hannu. Ƙanena in ciwon ya kama shi da dare, abin da ya fi tsoro ba ciwon ba ne, a ce lokotoro ba ya nan. Akwai wani majo dattijo, wato babban ma'aikacin jinya, da ke ajiye 'yan kayan gaggawa a aljihun teburinsa, ya fara aiki da su, in gari ya waye ka biya. Mutane da yawa na yi mishi addu'a.

Zango_Kumasi:
Mu a Kumasi tun 1995 aka fara gwada jarirai da zarar an haife su, a asibitin Komfo Anokye. Amfanin shi ne uwa tana sani tun yaro bai fara ciwo ba, a fara ba shi fenisilin da rigakafi, nas-nas kuma su san shi tun yana goye. Wanda ya san ka tun kana jariri da wuya ya kira ka ɗan ƙwaya.

Ba_Suna:
Don Allah a yi mini uzuri, na buɗe wannan sunan ne don in faɗi abin da maza masu sikila ba sa faɗa. Akwai miƙewar gaba mai tsananin ciwo da ke zuwa ba tare da sha'awa ba, yawanci da asuba. Kunya ke sa mu zauna a gida. In ka daure ka je, a teburin karɓar kati a gaban jama'a za a ce faɗi abin da ke damunka. Na taɓa faɗa a hankali, aka maimaita da ƙarfi, na ji ana dariya a bayan labule. Ɗaliba, in saurayi ya zo yana riƙe da mara ya kasa magana, ki ja shi gefe ko ki kira masa nas namiji.

Likitan_Jini:
Allah ya saka da alheri da ka faɗa. Wannan gaggawa ce, kada a jira ya kai awa huɗu, domin daga nan ake fara tsoron lalacewar da ba ta gyaruwa. Iyaye su gaya wa 'ya'yansu maza tun kafin su balaga.

Hajiya_Zaria:
Mata ma akwai nasu. 'Yar ƙanwata duk wata in al'adarta ta zo sai ciwon ya motsa, a ce mata ai kowace mace tana ciwon mara. Ga masu ciki, a kai ta ɗakin haihuwa su ce na masu jini ce, a kai ta can su ce ai mai ciki ce. Ni tambayata ga Likita, maganin nan haidroksiyuriya da ake cewa na kansa ne, gaskiya yana da amfani?

Likitan_Jini:
Hajiya, asalinsa an yi amfani da shi a wasu cututtukan jini da kansa, amma ga masu sikila aikinsa shi ne ƙara irin jinin da jariri ke da shi a ciki, wanda ba ya lanƙwashewa. Yana rage yawan tashin ciwo da ciwon ƙirji da buƙatar ƙarin jini. Sai dai da awon jini a kai a kai ake shansa, kuma mai shirin ɗaukar ciki ta fara magana da likitanta. A Kano ma an yi bincike a kansa, a asibitin koyarwa na Aminu Kano da wasu asibitocin, tare da jami'ar Vanderbilt ta Amurka. Ana auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwar yara da na'ura, waɗanda aka ga suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki a ɗora su a kan maganin, tunda ƙarin jini duk wata ya fi ƙarfin yawancin iyalai. Idan ba a yi komai ba, kusan ɗaya cikin goma na yaran SS na samun shanyewar kafin su kai shekara ashirin. Awon daga shekara 2 zuwa 16 ake yi, sau ɗaya a shekara. Nas ɗin da ta tambayi uwa "an taɓa yi masa awon kai?" kafin sallama ta yi babban aiki.

Ɗalibar_Jinya:
Na ƙaru sosai. Amma ga inda nake tsoro: ni ɗaliba ce, ba ni da ikon buɗe kabad, ba ni da ikon musa wa babba. In wadda nake ƙarƙashinta ta ce rabu da shi ƙarya yake, me zan yi?

Sista_Mai_Ritaya:
Kada ki yi musu da ita a gaban majinyaci, ba za ki ci riba ba, shi ma haka. Ki je ki yi awonki cikakke, zafin jiki, numfashi, bugun zuciya, iskar jini, da lambar ciwon da ya faɗa, ki rubuta da lokaci. Ki dawo ki ce "Anti ga abin da na samu a gado kaza, ko in kira likita?" Da wuya babba ta ga abu a rubuce ta ce a share. In ta ƙi, akwai malamar da ke duba ku daga makaranta, akwai shugabar ɗaki da safe.

Nas_Aikin_Dare:
Ki kuma duba katin magani da kanki. Wani lokacin lokacin allurar ya yi har ya wuce, mantuwa ce kawai saboda aiki, in kin tuna mana za mu gode.

Bakatsine77:
Ni dai har yanzu ina ganin in aka ce duk wanda ya ce goma a ba shi, wata rana za a yi da-na-sani. Yaron unguwarmu ma in ya je asibiti goma yake cewa.

Malam_Famasi:
Shi ma ɗin sikilar ba ta bar shi ba don ya kamu da fenta, ciwon na iya tashi masa da gaske. Irinsa likitan jini da na ƙwaƙwalwa ne za su haɗu a kansa, a sauya masa magani a riƙa ragewa a hankali. Akwai wanda ya taɓa kai shi? In iyayensa za su yarda, ka yi mini magana ta akwati in gaya maka ranakun da ake ganin masu sikila a asibitin da ya fi kusa da ku.

Bakatsine77:
Mahaifinsa ya rasu, sai dai in gwada yi wa kawunsa magana.